Burodin da Na Hana Surukina Ci

Da za a ba ni dama in koma baya in warware abu guda cikin abin da na ƙulla a rayuwa, ba gonar da na sayar da gaggawa zan zaɓa ba. Wani zama zan zaɓa, wanda na yi a gindin ɗorawa a gefen hanya bayan Kabo. Ran nan ban zagi kowa ba, ban ɗaga wa kowa murya ba. Zama kawai na yi a inda ya kamata in tashi, kuma zaman nan ne ya hana surukina cin abinci na ƙarshe da ransa ya so.

Zamanin gyaɗa ne. In kaka ta yi, duk gidan da ka shiga a ƙasar Gwarzo mata na ɓarar gyaɗa, maza na ɗinkin buhu, manyan motoci na bi gari gari suna kwasa zuwa Kano. Ni mutumin Kutama ne, matata 'yar Unguwar Tudu. Dukkanmu jinin Fulani ne da suka zauna suka kama fartanya. Fulatanci ya tafi da kakanninmu, amma fulako bai tafi ba. Ba ma ci a kasuwa, ba ma ci a bakin hanya, kuma suruki ba ya ci a gaban suruki. In na je gaida uban matata na tarar an kai masa ƙwarya, sai in yi gyaran murya daga waje, in zagaya turke in yi ta duban maruƙa kamar mai shirin saye, har in ga an fito da ƙwaryar. Na faɗi wannan ne don kada wani ya yi mini uzuri da rashin sani. Na san al'adar sarai.

Surukina a ƙuruciyarsa mai kora shanu ne zuwa Kurmi, a ƙasa. Dogo ne, mai barkwanci da kowa ban da ni. Bayan damina ta ɗauke a shekarar nan sai abinci ya fita ransa. Ba ciwon kai, ba zazzaɓi, kawai ba ya son ci. Surukata ta yi tuwo, ta yi dambu, ta dama fura da kindirmo mai kyau, ta yanka zakaran da take ji da shi. Sai ya duba ya kau da kai. Kunu kaɗan yake kurɓa, shi ma don a ƙyale shi. Mutum ya rame har rigarsa ta koma kamar an rataye ta a jikin sanda. Babban ɗansa yana can ci-rani, saboda haka da aka yanke shawarar kai shi asibitin birni, ni aka dubo.

Da za mu tafi, matata ta biyo ni har bakin zaure.

"Malam, amanar Baba na ba ka. Kada ka bar shi shi kaɗai."

Na ce, "Ko taku ɗaya."

Motar gyaɗa muka samu a Gwarzo. Direban Babarbare ne, ƙato mai baƙar hula, kuma kowa ya san wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani. Yana ganinmu ya tafa hannu.

"A'a, yau na tashi da sa'a, bayina biyu! Tsoho, shiga gaba. Kai kuma saurayi hau kan buhuna, iska ta kaɗe maka warin nono."

Surukina, da ko magana ba ya son yi, ya ce, "Babarbare, da ka iya tuƙi kamar yadda ka iya surutu, da tuni mun isa."

Ban hau kan buhuna ba. Na cusa kaina a gaba, na matse tsoho tsakanina da direba, wai ina riƙon amana.

Mun ratsa ta Kabo an ƙara kaya. Ba mu yi nisa ba, daidai gonakin mutanen Gammo, motar ta yi tari, ta yi wata ƙara kamar an jefa dutse a turmi, ta tsaya. Direba ya buɗe gaba ya leƙa, ya ja tsaki, ya ce wannan ta fi ƙarfinsa. Allah ya taimaka makaniken maigidansa yana Kabo ran nan yana gyaran wata motar. Aka ba wani mai keke saƙo. Ni kuma na shimfiɗa wa surukina tabarma a gindin ɗorawa, na kwantar da shi, na zauna daga gefen ƙafarsa.

Bayan azahar muka ji ƙarar babur. Wani gajeren Bature ne, mai gashi a hannu, farcensa baƙi ƙirin da man mota. Direba ya ce mana ba Ingilishi ba ne, mutumin Fotugal ne, da can a jirgin ruwa yake aikin inji, ya sauka a Ikko bai koma ba, yanzu yana gyara wa wani Kwara, Balarabe mai sayen gyaɗa, motoci. Hausarsa guntu-guntu ce. Ya zo ya rusuna ya ce, "Sannu Baba, yaya jiki," ya leƙa injin, ya girgiza kai, sannan ya shafa cikinsa.

Direba ya ce, "Kun gani ko? Ba ya taɓa sifana sai ya ci. In kuna sauri ku kama hanya a ƙasa, dama kun saba bin shanu."

Baturen ya wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu. Ya sauke jaka daga babur, ya fito da risho da ɗan kasko baƙi, da ƙananan burodi masu taurin baya da ya zo da su daga Kano, da tsokar naman sa a cikin ganye. Ya yanka naman fale-fale, faɗin tafin hannu. Ya ɓare tafarnuwa ya yayyanka, ya jera a kan naman, ya barbaɗa gishiri. Sai ya ɗauko wata 'yar guduma mai tsabta, ya shiga bubbuga tafarnuwar a hankali har ta nutse cikin tsokar. Direba ya ce a yarensu sunan abincin firegu, wato ƙusa, saboda kafa tafarnuwar ake yi kamar ana kafa ƙusa a katako.

Da kasko ya yi zafi ya zuba man shanu. Namu man shanun, na Fulani, wanda ya saya a kasuwar Kabo. Ya sa naman ya yi cuu, ya juya shi, bai bari ya bushe ba ya kwashe. Ya tsaga burodi biyu, ya kifa cikinsa a kaskon ya shanye romon, ya shafa wani abu rawaya mai ɗan yaji daga kwalba, ya ɗora naman ya rufe. Romo na bin yatsunsa.

Ƙamshin ya cika gindin ɗorawa. A nan na ga abin da ba a gani ba tun farkon ciwon. Surukina ya buɗe ido. Ya dafa ƙasa ya tashi zaune da kansa. Na ga maƙogwaronsa ya motsa.

Ya ce, "Babarbare, naman nan yankan wa?"

"Yankan mahautan Kabo ne, tsoho. Masu salla ne, sun fi ka ma. Baturen nan ba ya cin na kowa sai nasu in yana tare da mu."

"Abin kwalbar fa?"

"'Ya'yan wani ganye ne aka niƙa. Ba abin da limaminku zai ce."

Surukina ya gyaɗa kai. Sannan ya taɓa butar da ke gefensa, ya yi magana yana duban gona, don ba ya duban idona.

"Ruwan nan ya yi zafi. Ko akwai rijiya a ƙauyen can?"

Wani mai hankali da ya ɗauki buta ya tafi, ya ɗebi ruwa, ya tsaya ya gaida mutanen ƙauye, ya tambayi yadda gyaɗarsu ta yi, ya dawo a hankali. Ni sai na ce, "Baba, akwai wani a gora, na naɗe shi da tsumma, da sanyinsa." Na miƙa masa ina jin daɗin kaina. Ya karɓa bai sha ba.

Direba ya dube ni, ya dubi tsoho. Ya ce, "Kai bawana, zo bayan mota ka riƙe mini igiya, kaya sun karkace."

Na je. Amma na tsaya a inda nake hango tabarmar, ina riƙe da igiya ina leƙe. Direban ya matso kusa da kunnena.

"Wai kai kanka da ƙwari ne? Ɓace ka ba tsoho wuri ya ci abinci."

Ga inda shaiɗan ya same ni. Tun safe mutumin nan yake tsokanata, ban ƙara sanin inda wasansa ya tsaya ba. Na ɗauka tarko ne, so yake ya isa Kano ya ba da labari a tasha cewa ya ga dattijon Bafillace na lasar yatsa a bakin hanya. Na ce masa, "Ba za ka ga wannan ba, Babarbare." Na saki igiyar na koma na zauna.

Ina zama Baturen ya iso da burodi biyu a kan murfin kwano. Ya durƙusa ya miƙa wa surukina. "Baba, ci. Ƙarfi." Hannun tsoho ya ɗaga daga kan gwiwarsa, na gan shi da idona. Kafin ya miƙa na riga shi.

"Mun gode, mun ƙoshi. Mu ba ma ci a hanya."

Ban san wanda ya aike ni ba. Ni ma yunwa nake ji, hanjina na kuka. Amma so nake surukina ya ga irin mijin da 'yarsa ta samu, mai fulako, wanda ƙamshi ba ya ruɗa shi. Hannun ya koma kan gwiwa. A ranar ne kaɗai na taɓa ganin ya dube ni ido cikin ido, ya daɗe yana dubana. Sannan ya ce, "Haka ne. Mun ƙoshi." Ya koma ya kwanta ya ja mayafi ya rufe fuska.

Baturen bai gane ba. Ya naɗe burodin a takarda ya ajiye a gefen tabarma ko za a canja shawara, ya tafi ya shiga ƙarƙashin mota. Ni kuwa ina nan zaune kamar an dasa ni. Burodin ya huce, man ya daskare a jikin takarda, tururuwa ta samo hanya. Da motar ta tashi, direba ya ɗauka ya karkaɗe ya ci yana hararata. Har muka shiga Kano bai ƙara tsokanata ba, kuma shirun Babarbare ya fi zaginsa ciwo, amma ko a lokacin ban gane ba.

A asibiti aka ba shi gado, aka yi ta allura da ruwan magani. Ci dai babu. Wata safiya na dawo daga wanke masa riga, na tsaya a bakin ƙofa sai na ji muryarsa yana hira da maƙwabcin gadonsa, wani dattijo mai karyayyar ƙafa.

"Na ci abincin hanya tun daga nan har bakin teku. Na ci na Nufawa, na ci na Yarabawa, wani ma ban san sunansa ba. Mai bin shanu ba ya zaɓe. Amma ƙamshi bai taɓa kirana kamar na burodin Baturen nan ba. Ran nan cikina ya buɗe. Da na sami wuri da na ci."

Maƙwabcin ya ce, "Me ya hana?"

"Ina da mai gadi."

Suka yi dariya, shi a hankali saboda ba ƙarfi. Ni kuwa rigar da ke hannuna ta yi mini nauyi. Na ajiye ta a bakin taga na fita.

Na nemi garejin Kwaran a Fagge har na samu. Aka ce makanike ya bi mota wajen Gusau. Na koma washegari, aka ce ya dawo ya kuma fita wajen Haɗeja. Na sake komawa, wani mai gadi ya ce in mota gare ni in kawo, in kuwa burodi nake nema ga kasuwa can. Raina ya yi ta ɓaci, kuma ba wanda zan ɗora wa. Na ce to ai na ga yadda aka yi, me zai gagara? Na sayi burodi da tafarnuwa, na je wajen wani mai tsire na roƙe shi ya ba ni tsoka da gefen wutarsa.

Ya ce, "Malam, tafarnuwa a nama da guduma? Aljani ya shafe ka ne, ko amarya ce ta sa ka?"

Ba ni da guduma, da dutse na daka, naman ya yi kaca-kaca. Ba kasko, a kan waya muka gasa, romon duk ya zube a wuta. Tafarnuwar ta ƙone ta yi ɗaci. Burodin kuma irin mai laushi ne mai zaƙi, yana taɓa mai ya zama kamar jiƙaƙƙen tsumma. Haka na kai. Wannan karon na ajiye na fita, na tafi har bakin titi na zauna na daɗe. Ashe na iya ɓacewa, sai da ba ta da amfani. Da na dawo na tarar ya buɗe takardar ya mayar ya rufe. Ya ce, "An gode. Allah ya yi albarka." Ko gutsure babu.

A ƙarshe direban ne ya cece ni. Na yi kiciɓis da shi a bakin garejin, na gaya masa komai. Bai yi mini dariya ba. Ya ce, "Yanzu ka zama mutum. Biyo ni." Ya kai ni wani ɗaki a bayan garejin, ga Baturen ya dawo yana wanke hannu. Da aka yi masa bayani ya dafe kai ya ce, "Baba? Baba na itace?" Nan take ya aika aka sayo nama, ya kunna risho. Ya yi shi kamar na ran nan, har ya fi, ya naɗe a takarda ya ƙara da tsumma don kada ya huce. Direba ya ara mini keke. Ban taɓa tuƙa keke a cikin birni ba sai ran nan, kuma ban san yadda na isa ba.

Da zafinsa na miƙa. Surukina ya karɓa da hannu biyu, ya kai hanci, ya lumshe ido. Ya ce, "Shi ne." Na juya zan fita.

"Tsaya."

Na tsaya ina duban bango. Na ji ya gutsura. Na ji yana tauna, ya daɗe yana tauna. Sannan na ji ya jawo kwanon da ke ƙarƙashin gado. Abin ya ƙi wucewa. Ƙofar da ta buɗe a gindin ɗorawa ta riga ta rufe.

Ya huta, ya kurkure baki. Sai ya ce, "Zo ka zauna nan." Ya nuna bakin gadon, inda ban taɓa zama ba. Ya miƙo mini burodin. "Ci."

Na ce, "Baba, a gabanka?"

"Ka hana ni ci da kunyarka. Yanzu kuma za ka hana ni gani?"

Mai karyayyar ƙafa ya ce, "Ci mana, yaro, ko ka miƙo nan."

Na ci. Ban taɓa tauna ko goro a gaban mutumin nan ba, ga ni da burodi a baki, romo na gangaro mini a haɓa. Bayan burodin na ƙaras-ƙaras, cikinsa ya sha mai, naman da taushi, tafarnuwar ba ta da ɗaci ko kaɗan, abin kwalbar nan na ɗan hawa hanci. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne daɗinsa. Na so a ce ba daɗi.

Ya ce, "Romon ya shiga burodin?"

"Ya shiga, Baba."

"Naman fa, sai an ja?"

"A'a, da kansa yake rabuwa."

"Haka na zata. Cinye, kada ka rage." Yana kallona har loma ta ƙarshe. Sannan ya dubi maƙwabcinsa ya ce, "Ashe mai gadin nawa yana da haƙora." Wannan ne wasa na farko da ya taɓa yi da ni, kuma ban samu na biyu ba.

Likita ya ce wani abu ne ya tsiro a cikinsa wanda ba su da maganinsa, gara mu kai shi gida. Muka koma Unguwar Tudu, kuma kafin ruwan shuka ya sauka Allah ya karɓi abinsa. Na sani burodi ba ya hana ajali. Malamai sun gaya mini, ni ma na gaya wa kaina. Amma mutum ya yi wata da watanni ba ya son komai, rana ɗaya ransa ya so abu, abin ya zo har gaban tabarmarsa, ni na mayar da shi. Wannan ba ajali ba ne, ni ne.

Sai da aka share makoki na iya gaya wa matata. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Malam, cewa na yi kada ka bar shi. Ban ce ka tsare shi ba." Ba ta ƙara tayar da maganar ba har ta rasu, amma tun daga ranar duk baƙon da ya sauka gidanmu, in ta aiko da abinci sai ta aiko a kira ni cikin gida, ko ba ta da abin faɗa.

Wani jikana da aiki ke kai shi ƙasashe ya ce mini a can Fotugal burodin nan ba abin mamaki ba ne, a tasha ma ana sayarwa, matafiyi ya ci a tsaye ya wuce. Na ce masa in ya sake zuwa ya nemi na naman sa, ya tambayi yanka, in ya gamsu ya ci da zafinsa, kada ya tsaya duban wa ke kallonsa.

Ku kuma da kuka karanta wannan, abu guda nake roƙo. Ban ce ku yar da kunya ba, ni ma da ita zan shiga kabari. Amma in kuka raka babba tafiya, kuka ga ya dubi abinci sannan ya ce ruwan buta ya yi zafi, don Allah ku ɗauki butar ku tafi rijiya, kuma kada ku yi saurin dawowa.